Luan Baoku da Kwanon Kabeji

Mijin yayata, Luan Baoku, mutum ne da in ka ce masa an yi ruwa sai ya leƙa waje ya taɓa ƙasa, sannan ya tambaye ka abin da za ka samu in ya yarda. Aikinsa ne ya mai da shi haka. Tun yana saurayi har ya yi ritaya, shi ne mai duba masarar da manoma ke kawowa rumbun hatsin garinmu. Yana da wani dogon ƙarfe mai rami a ciki, bakinsa da tsini. Sai ya soka shi can ƙasan buhu, ya zaro, ya zazzage abin da ya fito a tafin hannu. Saman buhu kullum masara ce mai kyau. Ƙasan kuwa, ko jiƙaƙƙiya, ko tsakuwa, ko ta bara wadda ƙwari suka gama da ita. Wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana ganin wannan, ina zai yarda da saman buhun kowa?

Halin nan har gida ya biyo shi. Ranar da ya zo neman auren Yaya Yalan, sai da ya san yadda ya yi ya ɗaga murfin tukunyarmu, ya ga ko abin da aka zuba masa shi muke ci. Ina 'yar yarinya a lokacin, bakina bai da linzami, na ce masa, "Ka leƙa bayan randa ma, ko mun ɓoye wata yayar da ta fi wannan kyau." Tun daga ranar muke tsiya da shi, har furfura ta kama mu duka.

Zamansa da Yalan faɗa ne daga safe zuwa yamma, kuma kusan duk a kan gishiri. Ta zuba abinci, ya ɗanɗana, ya ɓata rai.

"Kin rage gishiri. Kina ji ina tari, kin ce bari ki fara yi mini wayo."

"Je ka auri gishirin mana, ya dafa maka!"

Sai ya jawo kwanon daddawar waken suya, wadda suke tsimawa a randa duk shekara, ya dangwala albasa a ciki, ya ɗora tsimammen kabeji a kai. Haka suke hira su. Maƙwabta in ba su ji ihunsu ba sai su aiko a duba ko lafiya.

Hawan jini ya daɗe da kama shi. An ba shi ƙwayoyi, ya jefa su a durowa, wai duk wanda ya fara sha kullum ya zama bawan kantin magani. Sai ƙeyarsa ta yi nauyi yake haɗiyar ɗaya. 'Yarsu Dongni ta sayo masa na'urar awo, ya gwada, ya sake gwadawa, ya ga lambobin ba su zo ɗaya ba, ya ce abin da ba ya tsayawa a kan maganarsa ba shi da wurin zama a gidansa.

Da Yalan ta fara rama, ina tare da su a asibitin gunduma. Likita ya duba hotuna, ya yi mata murmushi, sannan ya yafito Baoku zuwa baranda, kamar yadda ake yi wa kowa. A can aka gaya masa kansar ciki ce, kuma ta yi nisa. Ya wanke fuska, ya dawo ɗaki, ya ce mata gyambon ciki ne, abin da magani zai warkar kafin bazara. Mutumin da bai taɓa barin wani ya yi masa ƙarya ba, sai ga shi ya iya ta fiye da kowa. Ya tara dangi ya raba musu abin da za su faɗa. Duk abin da Yalan ta yi marmari, ko likita ya hana, sai ya nemo mata. Bayan ta rasu, abin da yake riƙe da shi ke nan.

"Ta tafi ba ta sani ba," yakan ce mini. "Ko ba komai, wannan na yi mata."

Ni dai sai in kawar da zancen.

Abin nasa ya zo ne da kaka, lokacin da kowane gida ke tsima kabeji kafin ƙasa ta daskare. Tun rasuwar Yaya ni nake zuwa in taya shi. Mun jera kabejin a randa muna barbaɗa gishiri, ya sunkuya ya ɗauko dutsen da ake dannewa da shi, sai na ga ya ajiye dutsen a gefen randar, a iska. Saura kaɗan ya fasa mini ƙafa.

"Kai, Yaya Baoku! Giya ka sha da sassafe?"

"Wa ya matsar da randar?" ya ce, yana muzurai. "Ke ce, ko?"

Kafin in ba shi amsa ya dafe kai, ya juya ya yi amai a bakin ƙofa. Ya ce hayaƙi ya cika tsakar gida. Babu hayaƙin komai. Na kira Dongni, muka sa shi a mota yana cewa mun haɗa baki.

A asibiti nas ta ɗaura masa abin awo, ta duba, ta sauya hannu ta sake, sannan ta fita da sauri. Jinin ya haura ɗari biyu da nisa. Ta dawo da wata likita mai suna Pang, mace mai saurin magana wadda ba ta da lokacin lallashi. Nan da nan aka sa masa ruwa a jijiya, aka ɗebi jini, aka miƙa masa kwalbar fitsari, aka manna masa wayoyi a ƙirji. Likita Pang ta sa ya ɗaga hannuwa biyu, ya yaƙe haƙora, ya faɗi sunansa da na garinsu. Ta rage hasken ɗakin, ta matso da wata 'yar fitila dab da idonsa, ta daɗe tana leƙawa.

"Yarinya," in ji Baoku, "an ce hawan jini ne. Me ya kai ki cikin idona?"

"Baba, lambar ba ita kaɗai ke damuna ba. Ɓarnar da ta yi nake nema. In jini ya hau haka, ƙwaƙwalwa yake taɓawa, da zuciya, da ƙoda, da ido. Ido ne kaɗai wurin da zan ga jijiyoyinka ba tare da na yanka ka ba."

"To, me kika gani?"

"Wasu ƙanana sun fashe, an yi zubar jini a bayan idon. Shi ne hayaƙin da kake gani. Yanzu za a kai ka hoton kai."

Ya dube ni ta wutsiyar ido. "Kin ji? Daga ido an koma kai." Ya juya gare ta. "Akwai ƙwayar da ake sa wa a ƙarƙashin harshe, jini ya sauka kafin a sha shayi. Me ya sa ba za ki ba ni ita in tafi gida ba? Kabejina yana buɗe."

"Jikinka ya saba da jinin a sama. In na sauke shi lokaci guda, ba zai isa ƙwaƙwalwarka ba, ni da hannuna zan shanye maka ɓarin jiki. A hankali za mu sauke shi."

Bayanin ya yi kyau, kuma abin da ya lalata shi ke nan. A wurin Baoku, duk maganar da ta zo sumul saman buhu ce.

Sakamako ya fito da rana. Ƙwaƙwalwa lafiya, babu zubar jini. Zuciya ta yi kauri saboda wahalar shekaru, amma ba ta samu rauni ba. Ƙoda ce ta fara taɓuwa, ga kuma idon. Likita Pang ta faɗa masa wannan duka a gabanmu, ta ce in ya kwanta aka sauke jinin, ya riƙe magani, ya rabu da gishiri, za a ceci ƙodar, idon ma zai iya washewa. In kuwa ya yi wasa, injin wankin ƙoda na jiransa. Da ta tsaya a nan da an huta. Amma da za ta fita, sai ta yi abin da hannunta ya saba: ta yafito Dongni zuwa baranda.

Na bi su. Maganar abinci kawai ta yi mata, da yadda za a riƙa ba shi ƙwayoyin. Dongni kuwa, da ma zuciyarta a kusa take, ta tuna a wannan barandar aka faɗi ciwon uwarta, ta fashe da kuka. Ta wanke fuska, ta koma ɗaki da murmushi.

"Baba, ba komai, hawan jini ne kawai."

Na ga yadda ya dubi jiƙaƙƙen gashin goshinta. Ya juya fuskarsa bango.

Daga nan duk abin da muka yi sai ya zama shaida a kanmu. Dongni tana fere masa tuffa tana magana ƙasa-ƙasa. Mijinta ya baro aikinsa a birni ya zo da kwandon lemo. Tsofaffin abokan aikinsa na rumbu suka zo suka jeru a bakin gado suna cewa ai ya yi kyau, fuskarsa ta ciko. Da aka sake ɗibar jini don a ga ko ƙodar ta fara farfaɗowa, ya ce da nas, "Ku bar wa tsutsa nata rabon mana." An nuna masa hoton kansa, ya ce shi ma ya taɓa nuna wa wata hoton da ba nata ba. Na rantse masa da kabarin iyayena, ya ce, "Ke ma ai kin rantse wa Yalan." Ya daina cin abincin asibiti, kunun gero da dafaffen ganye ba gishiri, sai dai ya tura kwanon gefe.

Wata safiya ya kira Dongni da murya mai taushi, irin wadda ban taɓa jin ta a bakinsa ba. Ya ce ba abin da yake marmari sai tsimammen kabeji da naman alade, a sa daddawa a gefe. Ba na nan lokacin, da na hana. Yarinyar ta ga ubanta ya kwana biyu bai ci komai ba, ta ce a ranta cokali ɗaya ba zai kashe shi ba. Ta nemo kabejin wajen maƙwabta, ta dafa, ta ɓoyo kwanon a cikin jaka, ta ajiye masa a kan cinya.

Ya buɗe, ya daɗe yana kallon tururin. Bai kai ko loma ɗaya baki ba. Ya rufe, ya ce ta je ta samo masa ruwan zafi. Kafin ta dawo ya zare allurar hannunsa, ya sa rigar sanyinsa a kan kayan asibiti, ya fice.

A gidansa na same shi da hantsi. Ya hura wuta a ƙarƙashin gadon bulon da ake ɗumamawa saboda sanyi, ya buɗe akwatin Yalan, ya baje kayan da ta ɗinka masa tun tana da rai, waɗanda za a sa masa ranar tafiya kabari. Ƙafafunsa sun kumbura har takalmin bai shiga ba. Yana lalubar maɓallin rigar da yatsa, don idon ba ya nuna masa.

"Me kake yi haka?"

"A gadona zan mutu, ba a hannun masu murmushi ba."

"Wa ya ce maka mutuwa za ka yi?"

"Na soka ƙarfe, na ga abin da ya fito." Ya zauna a bakin gadon yana haki. "Likita ta ce gishiri zai kashe mini ƙoda, ko ba haka ta ce ba? Na roƙi abin da ya fi komai gishiri a duniya, 'yata ta kawo mini da hannunta. Wa ake ba duk abin da ya roƙa? Ni na san wa ake ba. Ni na koya musu."

Sai a lokacin na gane. Raina ya ɓaci, na ji tausayinsa kuma, amma ɓacin ran ya fi yawa, shi na bi. Na fita tsakar gida, na kama randar daddawar da ya fi ƙauna, na tura ta da ƙafa da kafaɗa har ta kife. Ta fashe, abin ya malale har bakin ƙofa. Na dawo ɗaki.

"Tsohon banza mai taurin kai! Yarinya ta ji tausayinka, ka mai da tausayinta tarko? Kai kaɗai ne mai wayo a garin nan? Likita ta leƙa idonka, ta auna fitsarinka, ta ɗauki hoton wannan ƙoƙon kan naka, an duba ko'ina ba a sami komai a ciki ba sai gardama! Shekara nawa kana jefa magani a durowa? Ka kashe ƙodarka da cokali, yanzu kana neman wanda za ka ɗora wa!"

Ya buɗe baki yana kallona. Ana cikin haka Dongni ta faɗo ɗakin, ta zaga garin nemansa, gashinta a hargitse. Na ɗauka kuka za ta yi. Ashe jinin uwarta ne ya motsa.

"Baba, ka san abin da ka sa ni? Likita ta wanke ni tas a gaban mutane saboda kwanon nan! Daga yau ko ƙwayar gishiri ka gani a gidan nan, ka ce ba kai ka haife ni ba. In ka ga dama ka ci, in ka ga dama ka zauna da yunwa. Kuma in ka kai kanka kan injin wankin ƙoda, kada ka sa ran ni zan riƙa raka ka. Tashi!"

Ta fizge rigar tafiyar daga hannunsa, ta cusa a akwati, ta maka murfin. Baoku ya dube ta, ya dube ni, ya leƙa ta taga wajen randarsa da ke kwance a fashe. Na ga kafaɗunsa sun sauka.

"Randar uwata ce fa," ya ce a hankali. "Ba ku da kunya." Sannan ya miƙa ƙafa. "To, wa zai sa mini takalmin? Ko haka zan tafi?"

Likita Pang ma ba ta raga masa ba, kuma na ga hakan ya yi masa daɗi. Jinin ya sake hawa, aka faro komai daga farko: fitila a ido, wayoyi a ƙirji, jini, fitsari. Wannan karon kome ta gani a bakin gadonsa take faɗa, ba ta ƙara yafito kowa baranda ba. Ƙodar ta ƙara taɓuwa saboda gudun da ya yi, amma ta tsaya, ba a kai ga inji ba. Idon dama ya washe. Na hagu har yau da ɗan hayaƙinsa.

Ana gobe za a sallame shi, na kai masa abincin rana, kunu da dafaffen kabewa. Yana sha yana mita, wai ko ruwan wanki ya fi wannan ɗanɗano, wai ni da Dongni mun haɗa baki da likita mu ga bayansa. Na ce ya sha ko in juye masa a ka. Ya yi dariya, ya kai cokali baki. Sai cokalin ya tsaya a hanya.

Ya mayar da shi cikin kwano.

"Ke," ya ce, bai dube ni ba. "Tun daga ranar barandar nan, ban ƙara yi wa Yalan faɗa ba. Ko sau ɗaya."

Ya juya cokalin a cikin kunun, ya ci gaba.

"Ranar da muka dawo gida ta dafa taliya, ta manta gishiri gaba ɗaya. Na cinye, na ce ta yi daɗi."

"Ba mantawa ta yi ba, Yaya Baoku."

Ya ɗago. Idon nan mai kyau ya tsaya a kaina, yana neman ƙasan buhun, ni kuma ban ɓoye masa ba.

"Washegari ta gaya mini," na ce. "Ta ce, 'Ya ci taliya ba gishiri, har da yabo. Ki fara ɗinka mini kayan da za a binne ni da su.' Na ce bari in yi maka magana, ta hana. Ta ce in ƙyale ka, kana ƙoƙari, kuma shi ne abin da za ka riƙe bayan ta tafi."

Bai yi kuka da sauti ba. Ya sa tafin hannu ya rufe idon, ruwa yana bin ta tsakanin yatsunsa. Na zauna a gefen gadon, na rasa abin tsiyar da zan faɗa, karo na farko tun ina yarinya.

Can ya share fuska da hannun riga, ya jawo kwanon. Kunun ya huce. Ya ɗebi cokali, ya haɗiye da ƙyar.

"Ba gishiri," ya ce.

"Je ka auri gishirin mana," na ce.

Ya gyaɗa kai, ya ci gaba da sha har ya ga ƙasan kwanon.